In Ya Bushe

Ranar wata Alhamis ce, bayan la'asar, muka kai Umma ta ga fada. Ba da son raina ba. Ni Afaf da na wuni ina wanke mata zannuwan gado, ina na ga lokacin zuwa kallon kujerun matattu? Amma tsohuwar ta kafe. Shekarunta sun haura tamanin, hankali ya fara yi mata sallama. Ta manta sunan babanmu, wani lokacin ma ta kira ni da sunan ƙanwarta da ta rasu tun ina goye. Abu ɗaya ne bai goge a kanta ba: uwarta mai wanki ce a fadar nan ta bakin kogin Nilu, ita kuma tana yarinya tana bin ta da ƙunshin kaya a ka. Tun da ta ga an nuna gidan a talabijin, an mayar da shi gidan tarihi, ta hana mu sakat.

Ƙanena Shahata ne ya yi alkawarin kai mu da safe. Mahauci ne, ƙato, duk unguwar Sayyida Zainab babu wanda bai san muryarsa ba. Shi da matarsa Intisar suna hawa na sama, ni da Umma muna ƙasa tun da mijina ya rasu. Sai da rana ta karkata ya shigo yana ƙarnin kitse.

Na ce, "Sannu da zuwa, ɗan gidan sarauta. Yanzu ne safiyar taka?"

Ya ce, "Ke Afaf, raƙumi guda na feɗe yau. Ke me kika feɗe ban da maƙwabta da bakinki?"

Ya sunkuya ya sumbaci hannun Umma, ya ɗauke ta cak kamar jaririya ya sa ta a tasi. Haka yake. Bakinsa kaca-kaca, amma a kan uwarsa zai iya kwana a tsaye.

Lokacin sanyi ne, rana ba ta jira. Cunkoson gada ya cinye mana sauran hasken. Da muka isa, masu kallo fitowa suke yi. Mai gadin ƙofa wani dattijo ne, Baba Milad, da ɗan zanen gicciye a wuyan hannunsa. Ya ce an kusa rufewa. Shahata ya miƙa masa sigari, ya nuna masa Umma, ya ce a duba tsufanta. Dattijon ya dube ta, ya dubi sama, sannan ya matsa gefe.

"Ku zaga ɓangaren maza ku fito," in ji shi. "Ɓangaren mata kuwa, inda aka ja jar igiya, kada magariba ta samu namiji a ciki."

Shahata ya ce, "Dokar gwamnati ce?"

"Da ta gwamnati ce, ɗana, ai da sigarin nan ya isa."

Ciki yana warin tsohon katako da kafur. Fitilu masu gilashi sun rataye sama da mu, madubai ko'ina, kujeru an lulluɓe wasu da farin ƙyalle saboda ƙura. Ni dai ƙafata nake ji. Amma Umma da muke jan ta a gida kafin ta kai banɗaki, sai ga ta ta miƙe baya tana tafiya gabanmu. Duk ƙofar da za ta shiga sai ta tsaya, ta sunkuyar da kai, ta ce a hankali, "Dastur."

Kalmar ba baƙuwa ba ce gare mu. Ita tsofaffinmu suke faɗa kafin su zuba tafasasshen ruwa a magudana, ko su shiga gidan da ya daɗe a rufe, don neman izinin waɗanda ido ba ya gani. Umma ta sha ba mu labari cewa a fada ko mai gidan da kansa ba ya tsallaka zuwa wajen mata sai ya ɗaga murya ya faɗe ta, mata su rufe fuska, a ce masa ya shigo. Wanda ya manta kuwa, akwai Aga, dandaƙaƙƙen bawan da ke tsaron matan, da dorinarsa.

Shahata ya yi dariya har bango ya amsa. "Umma, izinin wa kike nema? Masu gidan sun zama ƙasa tuntuni. Yau tikiti ne mai gida, ga shi nan a aljihuna."

Ba ta kula shi ba.

Lokacin maganinta ya yi, na bar su a kan wani benci na fita neman ruwa. Ban daɗe ba. Da na dawo, Shahata ya juya wa bencin baya yana zagin wani dillalin shanu a waya. Bencin babu kowa.

"Ina Umma?"

Ya juyo. Wayar ta sauka daga kunnensa.

Sandarta muka gani, an jingine ta a jikin jar igiyar. Bayan igiyar ƙofa ce a buɗe da wani dogon lungu, tagoginsa na sassaƙaƙƙen katako, hasken yamma yana shigowa ta ƙananan ramuka. Can baya na ji ana kashe fitilu ɗaki bayan ɗaki. Daga tsallaken kogi ladan ya fara gyara murya a lasifika.

Shahata ya ɗaga ƙafa zai tsallake. Na riƙe masa hannun riga.

"Bari ni in shiga. In kuma dole sai kai, ka ce dastur. Me zai rage ka da shi?"

"Uwata ce a ciki," ya ce. "Ba na neman izinin uban kowa in ɗauko uwata."

Ya fizge. Ya tsallake. Na bi shi.

Mun yi 'yan taku kaɗan warin kafur ya ɓace. Wani ƙamshi ya maye gurbinsa: ruwan wardi, da turare, da ƙaurin dutsen guga na gawayi a kan riga mai sitaci. Lungun da ya kamata ya yi sanyi, ɗumi yake yi kamar ɗakin da mutane suke zaune. Na ji ƙarar awarwaro. Na ji wata ta yi ƙaramar dariya a bayan bango.

"Umma!" Shahata ya daka tsawa.

Dariyar ta yanke.

Sai na ji mata da yawa sun ja numfashi lokaci guda, irin na waɗanda aka faɗo musu ba shiri. Zannuwa suka yi ta shuu, ana jan mayafai. Ƙofofi suka rufe ɗaya bayan ɗaya, har da wadda muka shigo ta cikinta.

Ladan ya ce Allahu Akbar.

Daga ƙarshen lungun wani abu ya fara tahowa. Ƙwas. Ƙwas. Ƙwas, a kan dutsen daɓe.

Shahata ya tsaya. Mutum ne da ya girma a mayanka, kunnensa ba ya kuskure irin wannan sauti. Ya matso da bakinsa kunnena.

"Afaf. Wannan ba takalmi ba ne. Kofato ne."

Wata murya ta yi magana dab da mu, siririya, ba ta namiji ba kuma ba ta mace ba.

"Namiji," ta ce.

Ban ga bulalar ba. Iska kawai na ji ta tsage. Rigar Shahata ta dare daga kafaɗa zuwa ƙugu, naman bayansa ya buɗe, wani abu mai ɗumi ya fantsamo mini a fuska. Ya yi ƙara irin wadda ban taɓa ji daga bakinsa ba.

Bai faɗi ba. Ya finciko wani ƙarfen tagulla da ake ɗaura igiya a jiki, ya shiga kai wa iska duka yana zagi. "Fito in kai ɗan halak ne! Fito!"

Ta biyu ta same shi a fuska. Ya saki ƙarfen, ya dafe idonsa na hagu, jini yana bi ta tsakanin yatsunsa.

Akwai madubi a gefena. A cikinsa na gan shi.

Dogo ne har jar hularsa ta dara tana gogar rufi. Baƙar kwat ce a jikinsa har gwiwa, maɓallai a rufe. Fuskarsa sumul, babu gashi ko ƙwaya, ta yamutse kamar ta tsohuwa. Hannun da ke riƙe da dorinar ya kai ƙasa. Ba fushi a fuskar. Aikinsa kawai yake yi.

Ya sake ɗagawa.

Shahata ya durƙusa. Aka zabga masa a wuya. Ya kifa. Aka ci gaba. Kowace saukar bulala sai jikinsa ya yi tsalle daga ƙasa, sai wata tsokar nama ta manne a bango. Na buɗe baki in karanta Ayatul Kursiyyu, harshena ya sarƙe, na kasa wuce kalmar farko. Ƙanena da na goya, ana yanka shi a gabana, ya daina zagi, ya koma kiran Umma da ƙaramar murya.

Na faɗa kansa na rufe shi da jikina.

Bulalar ta tsaya a sama. Na ji sanyinta a bayan wuyana, amma ba ta taɓa ni ba.

"Koma ciki," in ji muryar. "Rufe fuskarki. Matan gidan nan ba sa fita."

A nan na gane ni ma an ƙirga ni. Shi za a kashe shi, ni da Umma za a ajiye mu.

Dorinar ta lauyo ta gefena, ta nemi inda jikina bai kai ba, ta tsula masa a ƙafa. Na ji ƙashi ya amsa.

Sai wata ƙofa ta buɗe a ƙarshen lungun.

Umma ce. Ta naɗe hannayen riga har gwiwar hannu, ta ɗaure ɗankwali ta baya. Takalmanta suna hannunta. Ta zo da ɗan sauri, kai a ƙasa, ta yaye farin ƙyallen da ke kan wata doguwar kujera, ta watsa shi a kan ɗanta tun daga kai har ƙafa.

"Dastur, Aga," ta ce. "Masu wanki ne. Kayan datti muka zo ɗauka."

Dorinar ta tsaya.

Ta durƙusa kusa da ni, tana cusa bakin ƙyallen a ƙarƙashinsa da hannayen da suka san aikin. Cikin raɗa ta ce, "Naɗe shi tsaf. Ko yatsa kada ya leƙo. Kuma kada ki ba shi baya, ba a ba su baya." Idonta tarwai. Rabon da in ga hankali a idon nan har na manta.

Muka kama kusurwa biyu. Muka fara ja da baya.

Daɓen ya yi santsi da jini, shi ya taimake mu. Farin ƙyallen ya rine kafin mu yi nisa.

Ƙwas. Ƙwas. Yana bin mu.

A madubi na gaba na ga ya sunkuyo, ya kai hancinsa kan ƙunshin, yana shinshinawa.

"Wankin nan yana jini."

"Shi ya sa za a wanke shi, Aga."

"Yana numfashi."

"Iska ce ta shiga ƙyallen, Aga."

Muka ci gaba da ja. Ƙuguna kamar zai tsinke. Bayana ya bugi ƙofa. A rufe take.

"Kayan gidan nan ba sa ɓata," in ji shi. "Yaushe za a dawo da shi?"

Umma ba ta ɗaga kai ba.

"In ya bushe."

"In ya bushe," ya maimaita, a hankali, kamar mai ajiye magana.

Ƙofar ta buɗe da kanta.

Muna tsallake dokin ƙofar ƙunshin ya karkace, hannun Shahata na dama ya zamo waje.

Iska ta tsage.

Yatsu biyu suka gangara cikin lungun. Ƙofar ta rufe a kansu.

Baba Milad yana tsaye a bakin jar igiyar, ya juya wa lungun baya, da fitila a hannunsa. Bai tambaye mu komai ba. Ya kama ƙafafu, muka fitar da shi ta ƙofar lambu. A asibiti muka ce gilashi ne ya faɗo masa. Likitan ya dubi bayan, ya dube mu, ya fara ɗinki.

Ya rayu, amma ido ɗaya ya tafi, ƙafar ta zauna da ɗingishi, wuƙa kuma sai ya koyi riƙe ta da hagu. Ƙyallen ni na kawo shi gida a leda, da niyyar ƙona shi. Umma ta ƙwace, ta tura shi a babban baho, ta cika da ruwa, ta tura ƙarƙashin gadonta.

Na ce, "Umma, mu mayar musu da tsummansu mu huta."

"Ba tsumma muka ɗauko ba, 'yata. Da abin da ke ciki aka ba mu. Muddin yana jiƙe, ba mu gama aiki ba. Kada ki bari ya bushe."

Wannan ita ce magana ta ƙarshe mai kan gado da na ji daga bakinta. Washegari ta tambaye ni ko ni wace ce.

Na riƙe amanar. Kowace safiya nakan ƙara ruwa. Ranar da aka ɗauke famfo a unguwa, ruwan shanmu na juye a ciki muka kwana da ƙishi. Su ma raunukan bayan Shahata suka ƙi bushewa. An canja magani, an canja likita, kullum suna tsattsafo da ruwa. Rub da ciki yake kwana. Intisar kuwa ba mu gaya mata gaskiya ba, don Shahata ya rantse ba zai bari matarsa ta ji cewa an zane shi kamar jaki ba. Ita ma labarin gilashin muka ba ta.

Sanyi ya wuce, zafi ya shigo. Wata rana na tafi karɓo wa Umma magani, layi ya riƙe ni, na bar Intisar ta zauna da ita. Intisar mace ce mai kirki, amma in ta ga datti jikinta har rawa yake yi.

Na dawo bayan la'asar na tarar da Shahata a ɗakinmu, ya tuɓe riga, yana dariya da hawaye.

"Afaf, taɓa ki ji! Wallahi taɓa! Tun azahar suka kame. Yau zan kwana da bayana kamar ɗan Adam."

Na taɓa. Fatar a bushe take ƙamas.

Intisar ta fito daga madafa tana goge hannu. "Yaya Afaf, kin yafe ni, amma bahon nan na ƙarƙashin gado wari yake yi. Na wanke ƙyallen da bilic na shanya a soro. Ki ga yadda ya fito fes."

Ban san lokacin da na haye benen ba. Yana can a kan igiya, fari tas, iska tana kaɗa shi. Na finciko shi na tura a tankin ruwa, na danna, na danna, ina kuka ina tsine wa kaina da layin magani da ranar bazara. Amma na riga na ji shi a hannuna kafin ya shiga ruwan. Ya bushe.

Na sauko na ja Shahata daga bakin ƙofa, na tura sakata. Intisar ta koma sama tana ƙunƙuni. Muka zauna. Hasken taga ya yi ja, ya fara dushewa.

Ladan masallacin Sayyida ya ce Allahu Akbar.

Ƙwas. Ƙwas. A kan matakalar gidanmu.

Ya tsaya a bayan ƙofa. Ƙamshin ruwan wardi ya shigo ta ƙarƙashinta. Shahata ya rarrafa bayan kujera, ƙato guda, yana cizon hannunsa. Na jira a ɓalle sakatar.

Ba a ɓalle ba. Aka ƙwanƙwasa a hankali, da ladabi.

"Dastur," in ji siririyar muryar.

Sai na gane. Ɗakin mata ne. Ni da Umma ne masu shi. Shi kuwa ba ya karya doka, ko a gidan wani. Ba zai shigo ba sai an ce ya shigo.

Mu kuma kun san mu. Mutum bai gama ƙwanƙwasawa ba mun ce masa gida nasa ne, ko da mai karɓar kuɗin lantarki ne. Maganar ta taso mini har maƙogwaro da kanta, na haɗiye ta.

A kan gado Umma ta ɗago kai, fuskarta ta washe. Duk rayuwarta ba ta taɓa barin baƙo a tsaye ba.

"Wa ke nan? Shig..."

Na yi tsalle na toshe mata baki da tafin hannuna. Ta yi ta kokawa, ta cije ni har jini ya fito. Ban saki ba sai da aka idar da salla a masallaci, kofaton ya sauka matakala ya tafi.

Tun daga ranar haka muke. Shahata yana rufe shago rana da sauran tsayi, ya zo ya zauna a bayan kujerar nan. Sau ɗaya wani mai ciniki ya tsayar da shi, magariba ta same shi a tsakiyar bene. Na jawo shi ciki, kunnensa ɗaya saura rabi. Intisar ta san komai yanzu, ita ce take zuwa ta riƙe wa Umma hannaye.

Maƙwabta suna cewa Afaf ta lalace, ba ta ce wa kowa ya shigo, sai dai ta buɗe ƙofa ta tsaya tana kallon mutum. Su faɗa. Ba wannan ne yake ci mini rai ba.

Abin da yake ci mini rai shi ne, Umma ta manta fadar, ta manta Aga, ta manta cewa ita ce ta fitar da ɗanta daga can da ransa. Abu ɗaya ta sani yanzu: akwai wata mata a gidan nan da take danne ta kowace yamma ta toshe mata baki. Da rana ta fara yin ja, sai ta ja bargo har haɓa, ta bi ni da ido. Jiya, ina nufo gadon, ta kama hannun Shahata ta ce masa, "Ɗana, ka raba ni da wannan matar."

Ya sunkuyar da kai yana kuka. Aka ƙwanƙwasa ƙofa. Na sa hannuna a bakinta.